Daga Dange Zuwa Goronyo: Bin Sawun Tsohuwar Teku

Duk wanda ya bar birnin Sakkwato ya kama hanyar Gusau, da zarar ya wuce Shuni zai fara hango tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, waɗanda jar marmara ta rufe samansu, ruwan damina kuma ya zaizaye gefensu ya bar ƙasa fara da mai ruwan toka a fili. Yawancin matafiya ba sa ko waiwayarsu. Ni kuwa dominsu na fito, cikin hunturu bayan an gama kai amfanin gona gida, tare da wani abokina da ya karanta ilimin duwatsu, wanda ya san waɗannan tuddai tun yana ɗalibi. A aljihuna akwai wani ɗan dutse naɗe cikin ƙyalle, tsarabar da kawuna ya kawo mini daga Maroko, kuma shi ne ya tayar da maganar tafiyar tun farko.

Dutsen bai cika tafin hannu ba. Launinsa ƙasa-ƙasa ne da ratsin rawaya, a tsakiyarsa kuma wata halitta ce kwance a baje, tsawonta bai wuce na ɗan yatsa ba. Kanta faffaɗa ne, rabin da'ira, kuma daga kowace kusurwarsa ta baya wata doguwar ƙaya ta miƙe ta bi gefen jiki. Idanunta biyu dogaye ne lanƙwasassu, kowanne ya jingina da tudun da ke tsakiyar kai. Daga wuya zuwa ƙasa gaɓoɓi ne jere, kowace ta ɗan hau kan wadda ke bayanta, suna ƙanƙancewa har su ƙare a wata 'yar wutsiya da sai an sa tabarau ake ganinta sosai. Idan aka karkata dutsen ga hasken rana, sai a ga kwari biyu sun ratsa jikin daga kai zuwa wutsiya sun raba shi uku, tudu a tsakiya da fiffike a kowane gefe. Wannan rabuwa uku ita ce alamar dangin halittun teku da masana ke kira tirailobait, 'yan uwan kunama da ƙaguwa da jatan lande na nesa, waɗanda aka gano ire-irensu fiye da 20,000 a duwatsun duniya.

Tawa ɗin daga jinsin Fallotaspis take, kuma jinsi ne da ke sahun farko-farko. Wani masani Bafaranshe, Pierre Hupé, shi ya bayyana shi a 1953 daga duwatsun Anti-Atlas da ke kudancin Maroko, ya raɗa masa sunan wani masanin duwatsu ɗan ƙasarsu, Paul Fallot. Tirailobait sun fara bayyana a duwatsu kimanin shekaru miliyan 521 da suka wuce, a farkon zamanin da ake kira Kambiriyan, kuma Fallotaspis da danginta na kusa, irin su Eofallotaspis a Maroko da Profallotaspis a Saibiriya ta ƙasar Rasha, suna cikin waɗanda ake fara cin karo da su idan ana bin shimfiɗun dutse daga ƙasa zuwa sama. A shimfiɗun da ke ƙarƙashinsu ba a samun jikin tirailobait, sai dai sawu da kartar ƙafafu a kan tsohuwar laka, wanda ke nuna cewa masu ƙafafun sun riga sun fara yawo a gindin teku tun kafin su sami sulken da zai iya zama dutse. Sulken bayan ne kaɗai mai tauri, shi ya sa ƙafafu da gashin baki da abin shaƙar iska da ke manne da ƙafafun ba kasafai suke tsira ba. Ƙari a kan haka, dabba ce mai yin saɓa yayin da take girma, saboda haka yawancin abin da ake tonowa tsohon sulke ne da mai shi ya tuɓe ya yi gaba. Tirailobait na baya suna da wasu layukan ɗinki a saman kai inda sulken ke tsagewa lokacin saɓa, amma Fallotaspis ba ta da su a saman kanta, kuma wannan na cikin abubuwan da ake bambance danginta da su.

Kafin mu tashi abokina ya duba dutsen da gilashin ƙara girma, domin kasuwar irin waɗannan duwatsu a Maroko cike take da na jabu, waɗanda ake zubawa da roba a manna a kan dutse a shafa musu launi. Ya nemi 'yan ramukan kumfa da roba kan bari bai gani ba, ya bi wata tsaga da ta ratsa dutsen ya ga ta ratsa halittar ma a layi guda, sannan ya ce ta gaske ce.

A Dange mun fara zuwa gaisuwa wurin masu gari, muka faɗi abin da ke tafe da mu, aka haɗa mu da wani dattijo da ya san ramukan da ake haƙa a gindin tudu. Mutanen wannan yanki sun daɗe suna tono jifsam, wani farin ma'adini da ake haɗa siminti da shi, da 'yan ƙwallayen fosfat, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi, daga cikin laka suna tarawa a buhuna ana saye, saboda haka sun san shimfiɗun ƙasar nan da hannu, ko da ba su san sunayen da aka ba su a littafi ba. Muna tafe ya dube ni ya ce, "Malam, mi kuka zo biɗa cikin wagga ƙasa? Yaran jami'a ma suna zuwa su yi ta tsintar tsakuwa." Na ce, "Baba, ƙasusuwan da kuke gani cikin rami muka zo dubawa." Ya ce ai waɗannan ba su da iyaka, gefe suke zubar da su don ba a sayensu.

Ramin da ya kai mu zurfinsa ya kai tsayin mutum. Bangonsa laka ce mai ruwan toka da ke ɓarewa ɓawo-ɓawo idan ta bushe, jifsam kuma ya ratsa ta jijiya-jijiya yana walƙiya. A tarin ƙasar da aka watsar a baki muka durƙusa. Cikin ɗan lokaci abokina ya miƙo mini haƙorin kifin shak, baƙi-baƙi, mai santsi, tsininsa bai dakushe ba, har na ji shi a fatar yatsana da na danna. Bayansa muka sami wani faffaɗan haƙori mai layi-layi, irin na kifayen da ke niƙa ƙumba a gindin ruwa, da gutsattsarin ƙashin baya masu rami a fuska biyu, da wasu dunƙulallun abubuwa murɗaɗɗu waɗanda ya ce kashin dabbobin ruwa ne da ya daskare. Wannan shimfiɗa ita masana suka sa wa sunan Dange, kuma shekarunta sun kai kimanin miliyan 60. A wancan zamani wata teku marar zurfi sosai ta ratso daga arewa ta bi ta inda Sahara take yanzu, ta mamaye sassan Mali da Nijar da ƙasar Sakkwato, a wasu lokuta har ta haɗu da tekun kudu. Fosfat ɗin da ake cika buhuna da shi ragowar ƙashi da haƙori da kashin mazauna wannan teku ne.

Da muka zauna hutawa a inuwar wata aduwa na kwance ƙyallen na miƙa wa dattijon dutsena. Ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, ya shafa gaɓoɓin da babban yatsa, sannan ya ce, "Wanga ai kyankyaso na, wa ya sanya shi cikin dutsi?" Na ce masa dabbar teku ce daga Maroko. Ya yi shiru kaɗan, ya ce shekara da shekaru yana haƙa bai taɓa ganin irinta ba, ya kuma tambaya ko don ba su yi zurfi ba ne.

Tambayar tasa ita ce ainihin abin da ya fito da ni, kuma amsarta ita ce ko an haƙa har ƙarshen laka ba za a same ta a ƙasar Sakkwato ba. Tirailobait sun rayu kimanin shekaru miliyan 270, suka ƙare ƙaf kimanin shekaru miliyan 252 da suka wuce, a babbar halakar da ta shafe mafi yawan halittun teku, wadda masana ke dangantawa da aman wuta mai yawan gaske a Saibiriya. Shimfiɗun ƙasar Sakkwato kuwa, hatta mafi tsufansu, wato na Gundumi da na Illo inda ake samun itatuwan da suka zama dutse, ba su kai shekaru miliyan 200 ba. Kai tsaye a ƙarƙashinsu akwai tsohon dutse mai tauri, irin wanda ke fitowa fili idan aka nausa wajen Talata Mafara da Gusau, wanda da yawansa ya kai kimanin shekaru miliyan 600, wani ma ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma dutse ne da ya narke ko ya gasu a cikin ƙasa, ba ya riƙe gawar komai. Tsakanin wancan tsohon dutse da shimfiɗar farko da ta hau kansa akwai giɓin ɗaruruwan miliyoyin shekaru, kuma duk zamanin tirailobait, daga Fallotaspis har na ƙarshensu, a cikin wannan giɓi ya faɗa. Ko dai yankin namu tudu ne a lokacin, ruwa na kwasar ƙasarsa yana kaiwa wani wuri, ko kuwa abin da ya taru an sake zaizaye shi kafin sabuwar laka ta zo. Duwatsun wancan zamani sai an yi arewa sosai cikin wannan babban kwari da ƙasar Sakkwato ke ciki, wajen Arlit a ƙasar Nijar, ake samunsu. Kudancin Maroko kuwa a lokacin Fallotaspis gaɓar teku ce a gefen wata babbar nahiya da ta haɗa Afirka da Amurka ta Kudu da Indiya da Ostareliya da Antatika, laka na ta taruwa a kanta tana binne duk abin da ya mutu.

Wannan bayani ya fi burge ni a kan a ce mun tsinci tirailobait a Dange. Rashinta a nan hujja ce mai ƙarfi kamar samunta a can, domin yana nuna cewa halittun da ke cikin duwatsu ba a warwatse suke kara zube ba, kowace shimfiɗa da nata mazauna, kuma jerin ba ya sauyawa ko a wace nahiya aka duba. Ba a taɓa samun Fallotaspis tare da haƙorin shak irin na Dange a shimfiɗa guda ba.

Dattijon bai musa ba, amma ya tambayi yadda ɗan Adam zai san shekarun abin da babu wanda ya halarta. Abokina ya ce masa a tsakanin shimfiɗun Maroko akwai tokar aman wuta, a cikin tokar kuma akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da yuraniyom, wanda ke rikiɗa ya koma dalma sannu a hankali bisa ƙa'idar da aka auna aka sani. Idan aka gwada yawan wanda ya rage da yawan wanda ya rikiɗa, sai a san tsawon lokacin da tokar ta yi a kwance, halittar da ke tsakanin toka biyu kuma shekarunta na tsakanin nasu. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce ikon Allah ya wuce haka, ya kuma kawo ayar Suratul Ankabut da ta yi umarni a yi tafiya cikin ƙasa a duba yadda Ya fara halitta. Na ji daɗin fitowar wannan magana daga bakinsa, domin na sha ganin masu ilimin boko na rufe irin wannan zance a gaban manya saboda tsoron kada a ce sun kauce, alhali mutumin da ya shekara talatin yana tono haƙoran kifi a kan tudu ya riga su sanin cewa ruwa ya taɓa kwanciya a wurin.

Washegari muka yi yamma da birni zuwa Kalambaina, inda kamfanin siminti ya fara aiki tun 1967 saboda farin dutsen da ke wurin. Ba mu shiga mahaƙar kamfanin ba. Mun tsaya a wani ƙauye na kusa inda aka haƙa sabuwar rijiya, tarin abin da aka fitar na nan a gefe. Farin dutsen da kansa tarin ɓawon halittu ne. Kusan kowane gutsure muka fasa sai mun ga ƙumba ko katantanwa a ciki, wasu ɓawon ya narke ya bar cikon da ya ɗauki siffarsa. Abokina ya tsinci bushiyar teku guda, dunƙulalliya mai faɗin bakin kofin shayi, da zanen fure mai kunne biyar a bayanta, kowane kunne da layukan ƙananan huji biyu-biyu. Wannan shimfiɗa ta Kalambaina tana saman ta Dange, wato ta fi ta ƙuruciya, kuma ta taru ne lokacin da ruwan tekun ya yi garau ya yi ɗumi. Gidaje da masallatai da gadojin da aka gina da simintin Sakkwato daga ɓawon waɗannan halittu aka gina su.

Daga nan tafiyar ta juya arewa maso gabas, ta Achida zuwa Wurno. Shimfiɗun ƙasar Sakkwato sun ɗan karkata ne zuwa arewa maso yamma, saboda haka duk wanda ya yi gabas yana taka waɗanda suka fi tsufa. Mun ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, sannan muka hau tudun da ke bayan gari, inda ake ganin fadamar Rima shimfiɗe da shinkafa da albasa. A gindin tudun akwai rairayi mai laushi da laka, shimfiɗar da ake kira ta Wurno, a samanta kuma lakar Dange ce ta sake bayyana. Abokina ya sa hannu a inda biyun suka haɗu ya ce a wajen nan ne iyakar zamani biyu take, domin shekaru miliyan 66 da suka wuce aka yi halakar da ta kawar da dainoso, manya-manyan dabbobin nan na zamanin da, a tudu da manyan ƙadangarun ruwa a teku. Abin da ke ƙasa da wannan iyaka ya ga zamaninsu, abin da ke sama bai gan su ba.

Waɗannan ƙadangarun ruwa su ne abin da ƙasarmu ta ba duniya. A 1930 wani masani a Landan, W. E. Swinton, ya bayyana wasu ƙasusuwa da aka samo daga lardin Sakkwato a matsayin na wani babban ƙadangaren teku. Bayan shekaru kusan arba'in masana daga jami'ar Florence ta Italiya suka zo yankin Goronyo suka tono ƙoƙon kai da wasu sassan jiki, suka ga ya bambanta da sauran danginsa har ya cancanci jinsi nasa na kansa, sai suka sa masa suna Goronyosaurus a 1972. Dabba ce mai dogon baki, mai haƙora miƙaƙƙu da ke shiga tsakanin juna idan ta rufe shi, mai ƙafafun da suka zama filafilai na iyo. A 1975 kuma L. B. Halstead ya bayyana wani kada mai dogon baki daga wannan yanki ya kira shi Sokotosuchus. Dukansu daga shimfiɗar Dukamaje suka fito, wadda ke ƙarƙashin ta Wurno, mai shekaru tsakanin miliyan 72 da 66. Dangin wannan kada sun tsallake halakar, har ana samun ƙasusuwansu a shimfiɗun da suka biyo baya, amma dangin Goronyosaurus ba su tsallake ba. Masanin duwatsu ɗan Nijeriya, Farfesa Cornelius Kogbe, ya yi aiki mai yawa wajen tantance jerin waɗannan shimfiɗu, kuma har yau ɗalibai da rubuce-rubucensa suke fita daji.

Mun isa Goronyo da la'asar. Burinmu shi ne mu ƙarasa Dukamaje da Gilbadi a ƙasar Gada, amma mutanen gari suka ba mu shawarar kada mu yi nisa da babbar hanya saboda halin tsaro da gabashin jihar ke ciki, muka kuwa bi shawararsu. Wani saurayi mai kiwo ya kai mu wani kwazazzabo da ba shi da nisa, inda ya ce yana ganin ƙasusuwa bayan kowace damina. A bangon kwazazzabon, cikin laka mai jifsam, wani ƙashin baya ya leƙo, girmansa ya kai dunƙulen hannu, fuskarsa ɗaya mai rami, gefensa kuma ya fara rugujewa saboda rana da iska. Saurayin ya zaro wuƙa zai ɓanɓaro mana shi, abokina ya riƙe hannunsa ya ce, "Ƙanena, bar shi inda yake." Ya bayyana masa cewa ƙashin da aka cire ba tare da an rubuta shimfiɗar da ya fito da inda yake kwance ba ya rasa rabin amfaninsa, kuma mai yiwuwa sauran jikin na nan a cikin bangon, wanda sai da kayan aiki da izinin hukuma ake fitar da shi. Ya ɗauki hotonsa da ma'auni a gefe, ya rubuta wurin a wayarsa, ya zana jerin shimfiɗun bangon a littafinsa, muka rufe ƙashin da laka da duwatsu don ya jure wata damina.

A garuruwan Alnif da Erfoud na Maroko akwai iyalai da sana'arsu ke nan, suna fasa dutse, suna share tirailobait da allura, suna kiran kowace da sunanta na ilimi, kuma ta hannunsu ne ire-ire da yawa suka isa ga masana. Cinikin yana da illarsa, domin ya jawo jabu da kwashe kayan tarihi zuwa waje, ba kuma shi nake yi wa Sakkwato fata ba. Abin da nake so mu ɗauka daga gare su shi ne sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafa. Masu haƙar jifsam na Dange da makiyayan Goronyo su ne ke fara ganin kowane ƙashi da ruwa ya tone, kuma da za a nuna musu wanda ya kamata a bari a wurinsa da wanda za a sanar idan an gani, da abin da ake zubarwa gefen rami ya ragu ƙwarai. Abokina ya karɓi lambar wayar saurayin, ya kuma yi alkawarin kai hotunan da zanen ga malaman sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin su ne ke da hurumin neman izini su dawo su tono ƙashin yadda ya dace kafin ruwa ya tafi da shi.